Injin Iskar da Yaya Ya Zaɓa Mini

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da aikin katako a makarantar gwamnati, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa riƙe kayan aikin da ni na zaɓa ba. Abin da aka kawo daga ofis shi za ka karɓa ka sa hannu, ko zarto ne da ba ya yanka kabewa, ko guduma ce da kanta ke tashi ya bar maka ƙota a hannu. Saboda haka da na yi ritaya na dawo gida Gwandu, buri ɗaya na dawo da shi: in gyara tsohon ɗakin ajiya da ke jikin zaurena ya zama wurin aiki, in zuba masa kayan da idona ya gani, zuciyata ta yarda da su.

Akwai wani dalili kuma da ban cika faɗa wa mutane ba. Hannuna na dama ya fara gajiya da ni. Sanyin ƙashi ya zauna mini a wuyan hannu da kafaɗa, in na buga ƙusa ashirin da guduma sai in kwana uku ina ɗaga buta da hagu. Kafintan da ba ya iya buga ƙusa kuwa ya gama, sai dai ya zauna bakin titi yana ba da labarin kujerun da ya taɓa yi. Mafita ɗaya na sani, bindigar ƙusa, wadda iska ke turawa: ka ɗora bakinta kan katako, ka taɓa kunama da yatsa, ƙusa ta shige. Ita kuma ba ta aiki sai da injin iska, wanda masu faci ke ce wa kwamfaresa. In na same shi zan ci gaba da zama kafinta. In ban same shi ba na zama tsohon malami mai jiran fansho, shi ke nan.

Ban yi gaggawa ba. Na yi makonni ina zagaya masu faci da masu fentin mota a Birnin Kebbi, ina tsugunawa ina leƙa injinansu, ina tambaya har wasu suka fara zaton jami'in haraji ne ni. Na gano abin da nake bukata ƙarami ne: tanki madaidaici mai ƙafafun taya, wanda wutar gida za ta iya tayarwa, in kuma an ɗauke ta, kamar yadda aka saba, ɗan janaretana ya ja shi ba tare da ya shaƙe ba. Bindigar ƙusa ba ta cin iska da yawa. Ta fenti ta fi ta ci, amma ni ba motoci zan fesa ba, ƙofofi ne da benci. Na rubuta komai a takarda, har tsawon mesar iska da irin bakin da zai shiga bindigogin biyu. Wani mai faci ya ce in je Kalgo, akwai wani Alhaji a bakin hanya da ke kawo irinsu, sababbi da na hannu. Ina cikin wannan shiri shugaban wata Islamiyya a Dodoru ya zo ya ce suna gina sababbin azuzuwa, suna son benci talatin nan da wata uku. Na karɓi aikin ina murmushi, don da bindiga aikin mako biyu ne.

Kuskurena shi ne na bi al'ada. A wajenmu mutum ba ya tashi shi kaɗai ya je ya sayo babban abu, ko sa ne, ko babur, ko injin niƙa. Sai ya ɗauki babbansa ya gane masa, in ba haka ba a ce ya raina mutane. Ni kuwa babbana shi ne yayana, wanda ya ba ni shekara goma sha biyu, ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ya kai ni makaranta da hannunsa. Manomi ne, kuma ya yi suna a kiwon shanun turka. In ya shafa gadon bayan sa ya ce saya, ka saya ido rufe. Amma inji? Ko rediyonsa ta yi shiru magani ɗaya ya sani, ya ɗaga ta ya buga da tafin hannu. Na je na gaya masa ne don fita hakki, ina zaton zai ce Allah ya kiyaye hanya. Sai na ji yana cewa a kawo masa babbar rigarsa.

Mun isa Kalgo hantsi ya ɗaga. Shagon Alhajin doguwar rumfa ce ta kwano, injinan niƙa da janaretoci jere har bakin kwalta, ga dattawa huɗu ko biyar zaune a inuwa, irin mutanen nan da ba sa saye ba sa sayarwa amma ba a ciniki sai da su. Biyu daga cikinsu sun san Yaya a kasuwar shanu, suka miƙe, aka yi ta gaisuwa. Ni dai ina shiga idona ya faɗa kan abin da na zo nema. Ja ne, sabo dal, tsayinsa bai wuce gwiwata ba. Na tsuguna na karanta allon jikinsa, ya yi daidai da takardata kamar tare aka rubuta su. Na sa Alhajin ya tayar da shi, na kafa ido a geji har allura ta hau ta tsaya, injin ya kashe kansa a inda ya kamata. Na murɗa ɗan famfon ƙasan tanki, ba ko ɗigon tsatsa. Wallahi ji na yi kamar in rungume shi.

Ina tsugune Yaya ya zo ya tsaya a kaina.

"Mi na na wanga?" ya tambaya.

Na ce, "Shi na, Yaya. Shi niz zo nema."

"Wanga ɗan abu? Shekara talatin kana wahala, ka ƙare ga wanga? Ai ko ɗan tunkiya ya hi shi jiki."

Dattawan suka yi dariya. Shi kuwa ya saɓa riga ya zagaya bayan rumfa shi kaɗai, can sai muka ji yana kira. Wani shirgegen abu ya tarar an lulluɓe da tamfol. Aka yaye. Injin iska ne na garejin manyan motoci da aka rufe, shuɗi, tankinsa ya fi ni tsawo in na kwanta. Yaya ya zagaya shi sau biyu, ya ƙwanƙwasa cikinsa da zobensa ya kasa kunne, ya shafa shi daga kai zuwa gindi, ya ja baya ya dube shi ta gefe. Duk wanda ya taɓa raka shi kara, kasuwar shanu, ya san wannan tsayuwar.

Ya ce, "Yawwa. Wanga shi na inji."

Na leƙa allon jikinsa, gabana ya faɗi. Wuta mai layi uku yake so, irin ta injin casar shinkafa. Gidana layi ɗaya gare shi, shi ma ɗin in an kawo, fanka sai an tura ta da sanda take juyawa. Na san wannan a take, ban yi ko shakka ba. Na dubi Alhajin, shi ma ya dube ni, ya san na sani, sai ya mai da idonsa kan carbinsa. Bai yi ƙarya ba ranar nan, zan ba shi wannan. Shiru kawai ya yi, shirun mutumin da kaya ya daɗe yana tare masa wuri.

Na ce, "Yaya, wanga hwa..."

Ya ɗaga mini hannu ba tare da ya waiwayo ba. "Bari, Malam. Ciniki ba allo ba na. Alhaji, nawa na?"

Aka fara. Yaya ya taya, Alhaji ya ce albarka. Ya ƙara, ya ce albarka. Yaya ya juya kamar zai tafi, dattawa suka sa baki, wannan ya ja hannun wancan. Na tsaya riƙe da takardata ina kallon ana cinikin kuɗin ritayata kamar ba ni a wurin. Zan yi adalci, Yaya ya iya ciniki, ya matse mutumin nan har ya yi gumi. Daga ƙarshe Alhaji ya sauke numfashi ya ce, "Na sallama." Aka tafa hannu, dattawa suka shafa addu'a, ɗaya daga cikinsu ya dube ni ya ce in gode wa Allah da ya ba ni wa irin wannan.

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce me ya hana ka magana. To ga abin da ya hana ni. In babba ya taya aka sallama masa, magana ta ƙare. In ƙanensa ya buɗe baki bayan haka ya ce ba ya so, ya gaya wa duk wanda ke wurin cewa bakin yayansa ba a bakin komai yake ba. Kuma a gaban mutanen da ke miƙewa in sun gan shi! Kafin mu isa gida labarin ya riga mu, kafin kasuwa ta ci kowane dillali ya ji cewa ƙanensa ɗan boko ya warware masa ciniki a Kalgo. Na haɗiye maganar, na zaro kuɗi na biya.

Mesa da bindiga kaɗai aka bar mini, don Yaya ya ce waɗannan tarkacen yara ne, ya koma inuwa wajen abokansa. Na zaɓi mesar roba baƙa mai saƙar zare a ciki, na lanƙwasa ta na ga ba ta tsagewa, na ƙi ta leda mai sheƙi da Alhaji ke ta turo mini, don na san zafinmu, wata biyu za ta yi ta bushe. Na sa aka ɗaura mata baki mai ƙulli, wanda ake turawa ya kama, a ja ya saki. Na ɗauki bindigar ƙusa mara nauyi da ta zauna mini a hannu. Ta fenti kuwa na mayar da ita, abin da ya rage bai kai ba.

Mutum takwas suka sauke injin daga mota a ƙofar gidana, sai da aka cire ƙyauren ɗakin da gimshiƙinsa kafin ya shiga. Ya cinye rabin wurin da na share. Mai ɗakina ta leƙo ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Malam, masana'anta za ka buɗe ba mu da labari?" Ta san fuskata shekara da shekaru, ta koma ciki ba ta ƙara ba.

Na kira mai gyaran wuta don kada in zalunci injin. Ya duba ya ce abin da na riga na sani. Jawo layi uku zuwa unguwarmu kuwa, ya ce, in na fara nema yanzu wataƙila jikokina su gani. Komawa Kalgo ba ta taso ba, don mai da kaya bayan sallama ya fi warware ciniki muni. Sayar da shi a Gwandu ma haka, wa zai saya Yaya bai ji ba? Na rataye mesata a ƙusa, na ajiye bindigar cikin kwalinta, na ɗauki guduma.

Wata biyun da suka biyo baya ba na son tuna su. Da safe in buga abin da zan iya bugawa, da rana in ɗaure hannu da tsumma mai ruwan zafi. Benci bakwai na yi a wata biyu, bakwai! Shugaban Islamiyya ya zo sau biyu, ya ƙirga su da ido, ya yi mini sannu cikin ladabi, ladabin da ya fi zagi ciwo. Ya ce an kusa gama rufi. A gefe guda kuma Yaya ya mai da ɗakin aikina wurin yawon buɗe ido. Duk baƙon da ya sauka gidansa, in an ci an sha, sai ya ce tashi in nuna maka wani abu. Su shigo ina tsakiyar aiki, ya ƙwanƙwasa tankin da zobe ya ce, "Ni niz zaɓa mai shi. Shi wani ɗan ƙarami yaz zo shi ɗauka." Baƙo ya yi ta mashaAllah. In an ce a tayar da shi, in ce babu wuta, kuma kusan kullum gaskiya na faɗa. A rayuwata ban taɓa gode wa masu ɗauke wuta ba sai a wannan lokaci. Murmushin baki kawai nake yi. Mutum ya kashe maka sana'a, kuma ya riƙa kawo jama'a su taya ka murna!

Ranar da asiri ya tonu Juma'a ce bayan an sauko masallaci. Yaya ya zo da surukansa uku daga Ceberu, kuma masu wuta, da ba su taɓa yi mini abin da nake so ba, suka kawo ta tsaf, ƙwan ɗakin yana haske, fanka tana gudu.

Yaya ya ce, "Alhamdu lillahi, yau ga wuta. Tashe shi su ji kukanai."

Na fara kame-kame, wai ƙarfinta bai kai ba. Ashe ɗaya daga cikin baƙin ya yi shekaru yana aiki a injin casa. Ya sunkuya ya karanta allon, ya bi wayar bango da ido, ya yi dariya, ba da mugunta ba.

Ya ce wa Yaya, "Alhaji, ai wanga layi ukku na. Ko shekara ɗari yay yi cikin ɗakinga ba shi tashi. Duw wanda yas san inji ya san haka, bale Malam."

Yaya bai dube ni ba. Ya dubi injin, ya cire hannunsa daga kansa, ya ce wa baƙinsa su tafi rana na yi. Na raka su ƙofa. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau: wani sashe na zuciyata ya ji sanyi. Na ce a raina, ɗanɗana kaɗan daga abin da nake sha.

Bayan kwana uku wani bakanike ya tsaya a ƙofata da babur, ya ɗauro injin fetur a baya. Ya ce Alhaji babba, wato Yaya, ya aiko shi. Ya kwance injin lantarkin da ke juya kwamfaresar, ya kafa na fetur a gurbinsa, ya daidaita bel, ya gyara abin da ke sakin iska in tanki ya cika, kamar dai yadda masu faci ke haɗa nasu. Ya ja igiya. Shirgegen ya yi tari, ya girgiza ɗakin, allurar geji ta fara hawa. Na tura bakin mesa ya kama, na ɗora bindiga kan katako na taɓa kunama. Tas! Ƙusa ta shige har kai, hannuna bai ji komai ba. Na sake, na sake. Sai da na juya wa bakaniken baya, don idona ya kawo ruwa.

Ban tambayi inda injin fetur ɗin ya fito ba. Wannan laifina ne kuma ba na neman wanda zan jingina wa. Na ɗauka wani tsoho ne da ke yashe a gidansa, ko kuma na zaɓi in ɗauka haka. A raina ma cewa na yi ai ƙaramin abin da zai yi ke nan, tunda ko haƙuri bai iya zuwa ya ba ni ba. Na duƙufa. Cikin kwana tara na yi benci goma sha huɗu, ina aiki ina waƙa. Yaya bai leƙo ba ko sau ɗaya, ni ma ban je ba.

Mai ɗakina ce ta tare ni ran na goma ina shan koko. Ta ce matar Yaya ta gaya mata kullum da asuba yake fita fadama, ba ya dawowa sai azahar, in ya dawo ba ya iya miƙe baya.

Ta ce, "Kai kana nan kana tas-tas. Ka san injin wa ka kukan nan cikin ɗakinka?"

Na ajiye kokon na hau babur. Fadamar Yaya tana hanyar Kambaza, albasa yake yi da rani, kuma lokacin ta fara ƙwai, lokacin da ba ta yafe wa mutum ƙishirwar kwana biyu. 'Ya'yansa maza duk suna birni. Tun daga nesa na ji abin da ya ɓace: kowace gona injin ban ruwa na kuka, tasa shiru. Na same shi bakin tsohuwar rijiyar gefen gona, wando naɗe zuwa gwiwa, yana jan guga yana juyewa a bokiti biyu. Mutum mai shekara saba'in da wani abu. Kunyoyin kusa da rijiya kore ne, na can ƙarshe ganyensu ya kwanta ya fara ja. Famfon da aka kwance daga jikin injin yana ajiye ƙarƙashin bishiya an rufe shi da buhu.

Ban yi sallama ba. Abin da na danne tun daga Kalgo ya taso mini gaba ɗaya, na ɗaga murya a kan yayana karo na farko tun da aka haife ni.

Na ce, "Yaya, wane irin abu na wanga? Can ka hana ni magana, ka sai min abin da ba ni so, nan kuma ka kashe albasakka ba ka hwaɗa min ba! Sai yaushe za ka tambaye ni kahin ka yi min abu?"

Ya ƙarasa jawo gugan, ya juye, sannan ya miƙe a hankali yana dafe da ƙugu.

"Tun Kalgo kas san ba shi yi?"

"Na sani."

"Tun kahin a sallama?"

"Tun kahin a sallama."

"Kuma kay yi kurum." Ya gyaɗa kai. "Da ka hwaɗi can, kunyar yini guda za ni ji. Kab bar ni wata biyu ina jan mutane ina nuna musu gawa, kai kana tsaye kana murmushi. Wa yak kunyata wani, ni ko kai?"

Na ce, "Na buɗe baki kaɗ ɗaga min hannu! Da na matsa, da ka yi shekara ba ka taka gidana ba."

Ya ce, "Ƙwarai, da na yi. To sai mi? Shekara guda ta kashe ka?"

Wai ni ne mai laifi! Shekara sittin ana koya mini in yi shiru gaban babba, shi da kansa ya koya mini da bulala, yau kuma shirun ne laifin. Da na yi magana a Kalgo, ni ne mara kunya. Da na yi shiru, ni ne munafuki. Har yanzu da nake rubuta wannan ban yarda cewa duk gaskiyar tasa ce ba. Amma ban iya ce masa ƙarya yake yi ba.

Na ce yau ɗin nan zan sa a kwance injin a dawo masa da shi. Don in nuna da gaske nake, na fizge igiyar gugan daga hannunsa na jefa rijiya. Ya cika, na ja. Kamu biyu na yi, a na uku wuyan hannuna ya saki kamar an sare shi, igiya ta zare, guga ya koma ruwa da ƙara. Na durƙusa na riƙe hannun da na hagu.

Yaya ya matso ya kama hannun, ya juya shi, ya ga kumburin. Ya danna da babban yatsa, na ja numfashi. Bai taɓa sani ba, don wannan ma ban gaya masa ba. Shi a ganinsa kwaɗayin kayan zamani ne ya kai ni Kalgo.

"Da wanga hannu kaka bugun ƙusa wata biyu?"

Na gyaɗa kai.

Ya saki hannun, ya sunkuya ya kama igiyarsa. Ya ce, "Tahi ka ƙare bencinka. Injin ya zama naka. In kam maido shi, ban yahe ba."

Ka ji fa. Ko a nan ma bai tambaye ni ba, hukunci ya yanke. Na tsaya ina huci, shi kuwa ya ci gaba da jan ruwa kamar na riga na tafi.

Na kai benci talatin Dodoru saura kwana biyu a buɗe azuzuwan. Na nemo wa Yaya aron inji wajen maƙwabtan gonarsa a ranakun da ba sa ban ruwa, amma an makara, kunyoyin ƙarshen nan ba su tashi ba. Abin da ya kwashe a shekarar bai kai rabin abin da ya saba ba, kuma bai taɓa ambata shi ba, ko da wasa. Bai sake kawo baƙo ɗakin aikina ba. In ya zo shi kaɗai yake zuwa, ya zauna kan guntun katako ya kalli ƙusa na shigewa, ya ce ƙarar ta yi yawa, ya tashi.

Har yau da injin nan nake aiki, kuma aikin yana ci. Kowace safiya nakan taka shi da ƙafa in ja igiyarsa da hannun hagu, kuma ban taɓa ja ba raina bai ɓaci ba.